Ina Ɗokin Sabon Littafin, Amma Labarin Ya Yi Kama da Nawa: In Karanta ko In Haƙura?

"Assalamu alaikum Anti. Akwai marubuciyar da nake bin littattafanta tun ina sakandare. Ta sanar cewa bayan Sallah za ta fara sakin sabon littafi na soyayya da sarƙaƙiya. Daga somin-taɓin da ta saki, labarin wata budurwa ce da 'yan bindiga suka sace, ta dawo gida, danginta suka hana a yi zancen, sai ga wani ya fito yana sonta, alhali wanda ya ba da ita yana cikin gidan. Anti, shekara uku da suka wuce an tare motarmu, na kwana 19 a daji kafin a biya kuɗin fansa. Har yau ba a tayar da maganar a gidanmu. Tun da na ga tallan littafin nake ɗokinsa, har na biya kuɗin shiga guruf, amma kuma barcina ya lalace. In karanta ko in haƙura? Zai taimake ni ne ko zai fama mini ciwo?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki. Na san shekara uku sun wuce, amma irin wannan gaisuwar ba ta tsufa, kuma daga yadda kika rubuto na fahimci tun da 'yan jaje suka watse ba a sake zaunar da ke an tambaye ki yadda kike ji ba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya kuɓutar da waɗanda har yanzu suke hannu.

Aikina jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a 'yan shekarun nan da yawa daga cikin waɗanda nake zama da su mutanen da suka fito daga daji ne, ko iyalansu. Ni ma kuma makaranciyar littattafan Hausa ce tun zamanin da muke karɓo su haya a shagon unguwa, har yanzu wasu marubuta kan turo mini rubutunsu in duba idan labarin ya taɓo rashin lafiya. Abin da na ji kina tambaya shi ne ko jikinki zai ɗauki wannan karatun, da kuma ko littafin zai yi wa irinki adalci. Akwai kuma maganar da kika ajiye a layi ɗaya kika wuce, wato shirun gidanku, kuma a ganina shirun nan ne ya haifi ɗokin.

Kina iya karanta littafin, amma kada ki karanta shi yadda aka tsara za a sayar miki da shi. Ga dalilina.

Abin da ya lalata miki barci

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa gadi ne, shi ke kaɗa ƙararrawa idan rai na cikin haɗari: zuciya ta yi ta bugu, numfashi ya gajarce, barci ya ƙaurace. A daji wannan mai gadin ne ya riƙe ki kwana 19. Matsalar ita ce a wurin wasu ba ya samun labarin cewa an dawo gida. Abubuwan da suka faru da mutum na yau da kullum ƙwaƙwalwa tana ajiye su a matsayin abin da ya wuce, amma abin da ya zo da matsananciyar razana yakan tsaya kamar yanzu yake faruwa. Ƙarar babura da yawa a jere, warin hayaƙin itace, kiran waya da baƙuwar lamba, ko layi uku na tallan littafi, kowanne yana iya zama tsumman.

Likitoci suna kiran wannan yanayin PTSD a taƙaice idan ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa. A 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam da matan da aka yi wa fyaɗe. Alamominsa sun haɗa da mugayen mafarkai, da ganin abin yana dawowa a ido biyu, da guje wa duk abin da zai tuna da shi, da zama kullum a ɗarare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na mutane za su gamu da abin razana a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai a cikinsu ke kamuwa da wannan ciwon, sai dai a cikin waɗanda suka ga yaƙi ko rikicin makamai adadin ya haura kashi 15. Na kawo waɗannan alƙaluman ne don ki san ba kowace mai lalacewar barci ce ke da ciwon ba, kuma wadda take da shi ba ragwanta ce ta jawo mata ba, ba kuma ƙarancin tawakkali ba.

Ki lura cewa ko feji ɗaya ba a saki ba tukuna. Abin da ke wahalar da ke yanzu jira ne. A 2023 wasu masu bincike sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan gargaɗin da ake sawa a farkon labari ko fim, irin "akwai abin tayar da hankali a ciki". Suka ga gargaɗin bai rage wa mutane ɓacin ran da suke ji idan sun kai ga abin ba, fargaba ma ya ƙara musu tun kafin su fara. Somin-taɓin nan haka ya yi miki. Ya gaya miki za a shiga daji, bai nuna miki yadda za a fito ba, sai ƙwaƙwalwarki ta cike gurbin da naki dararen.

Da sauƙi in ce miki ki fita daga guruf ɗin ki manta. Ba zan faɗa ba, saboda gujewa tana kawo sauƙin yau ne ta tsawaita ciwon. Duk lokacin da mutum ya kauce wa tsumman, mai gadin cikin kansa yana ƙara gaskata cewa maciji ne. Na ga waɗanda suka fara da ƙin bin hanya ɗaya, suka koma ƙin shiga mota, daga ƙarshe ko bikin ƙanwarsu ba su iya zuwa ba. Ɗokin da kike ji kuwa alamar lafiya ce a wurina. Shekara uku kina ɗauke da labarin da ba a yarda ki faɗa ba, sai ga wata za ta faɗe shi a bainar jama'a. Dole ranki ya tafi can.

Wa ke riƙe da linzami

Magungunan da suka fi tasiri a kan wannan ciwon na zama ne da magana, kuma dukkansu suna komar da mutum ga abin da ya faru. Bambancinsu da fami shi ne ana komawa a hankali, da rana tsaka, a wurin da mutum ya aminta da shi, kuma shi ke cewa a tsaya. Wata likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, Judith Herman, ta tsara matakan warkewa uku a 1992: samun aminci tukuna, sannan tunawa da yin makokin abin da aka rasa, sannan komawa cikin mutane. Ba a tsallake na farko. Abin da aka ƙwace miki a daji shi ne iko da kanki: wani ne ke cewa ki tashi, ki zauna, ki ci, ki yi shiru. Don haka duk abin da zai maido miki da labarin nan, tambayar farko ita ce ko linzamin yana hannunki.

Littafin da aka kammala yana ba ki wannan ikon. Kina iya rufewa, ki tsallake babi, ki leƙa ƙarshe ki ga yarinyar ta rayu sannan ki dawo. Littafin da ake saki feji-feji a WhatsApp yana karɓe shi. Yawanci da dare ake saki, kina kwance ke kaɗai da waya. Marubuciyar sarƙaƙiya kuma sana'arta ce ta yanke labari a daidai inda numfashi ya tsaya, don a wayi gari ana roƙon ci gaba. Ba laifi ta yi ba, haka ake rubuta irin wannan littafin. Amma ke za a bar ki ne a tsakiyar daji daga ƙarfe goma na dare har zuwa fejin gobe, wani lokaci har jibi idan ta ce tana da uzuri. Mai karatun nishaɗi za ta juya ta yi barcinta. Ke jikinki bai san ƙirƙira ba ce.

Sai kuma sharhin 'yan guruf, wanda a wurina ya fi labarin haɗari. A cikin mutum ɗari biyu ba za a rasa mai rubuta "ni dai in ni ce saurayin ba zan iya aurenta ba", ko "Allah kaɗai ya san abin da suka yi mata", tana dariya. Ba ta san akwai ke a ciki ba. Kuma da wuya a ce ke kaɗai ce. Daga ɗaliban da aka sace a Ƙanƙara a Disambar 2020, zuwa 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021, zuwa jirgin ƙasan Abuja da Kaduna a Maris na 2022, ga dubban da aka ɗauka a ƙauyuka da hanyoyi ba a taɓa jin sunansu a rediyo ba, kusan kowane guruf na makaranta a yau akwai wadda abin ya shafa tana karantawa shiru.

Akwai wata baiwar Allah da na daɗe ina zama da ita, na canza wasu bayanai don sirrinta. Ta saba sauraron littattafan da ake karantawa a YouTube idan ta kwanta, da abin ji a kunne. Wani dare labarin ya shiga wurin da ba ta zata ba, mai karatun kuma ta iya kwaikwayon murya. Kwana uku ba ta runtsa ba. Ido yana iya tsallake layi, kunne ba ya iyawa, shi ya sa nake hana masu irin wannan ciwon sauraro kafin su san abin da ke ciki. Bayan wasu watanni, da ta samu sauƙi, ita da kanta ta nemi rubutaccen littafin ta karanta da hantsi, yayarta na kusa tana tsintar shinkafa. Da ta kai wani shafi sai ta miƙa mata wayar ta ce, "Yaya, karanta nan. Haka aka yi mini." Ranar ce ta fara gaya wa wani a gidansu. Labarin bai canza ba tsakanin daren farko da wannan hantsin.

Littafin da kansa

Littafin bai fito ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba, kuma ina yi wa marubuciyar kyakkyawan zato. Tun shekarun 1980 marubuta mata a Kano da kewaye suke ɗauko abin da ake rufewa a ɗaki, auren dole da saki da zaluncin kishiya da cire yarinya daga makaranta, suna sa shi cikin labarin soyayya, sun sha zagi a kai, har an taɓa ƙona littattafai a Kano a 2007. Wadda ta ɗauko zancen garkuwa a yau tana kan wannan turbar ce. Amma rubuce-rubucen da ke zuwa hannuna sun nuna mini wuraren da ake yawan zamewa, kuma gara ki san su.

Mafi girma shi ne mayar da soyayya magani. Yarinya ta dawo ba ta magana, ba ta barci, sai ga saurayi mai kuɗi da haƙuri, a yi biki, a tare, washegari ta warke sarai. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, domin na ga matan da suka yi aure da wannan tsammanin, da mafarkin ya dawo a ɗakin miji sai suka ɗauka su ne ba su da godiya, mijin kuma ya ɗauka ba a sonsa. Miji nagari babbar rahama ce. Samun wanda ya yarda da kai ya tsaya tare da kai yana cikin abubuwan da suka fi taimaka wa mai wannan ciwon. Amma shi mai rakiya ne, tafiyar tata ce. Littafin da ya san abin da yake yi zai bar jarumar ta firgita ko bayan aure, zai nuna mijin ya yi kuskure ya koyi tambaya kafin ya taɓa ta, zai bar ta ta ce a'a ba tare da labarin ya hukunta ta ba. Idan kuwa kika ga jarumin mai tsawa ne da fizgar hannu da kulle ƙofa, ana kiran hakan so, to an sake sa ta a hannun wani ne kawai, an canza masa kaya.

Na biyu, tsayawa a kan azaba. Wasu suna kwashe feji goma suna zayyana abin da aka yi wa yarinya dalla-dalla, sannan warkewarta ta zo a sakin layi ɗaya. Ki duba inda marubuciya ta kashe tawadarta. Wadda ta damu da wadda abin ya faru da ita takan gajarta dajin ta tsawaita dawowar: ranar farko da ta shiga kasuwa, yadda ƙawaye suka rage zuwa, yadda take zama kusa da ƙofa a kowane ɗaki.

Sai iyali, inda na fi so ki buɗe ido. A littafi sau da yawa dangi kashi biyu ne, mugaye da waliyyai. Waɗanda nake gani a wurin aiki ba haka suke ba. Uba ne da ya sayar da gonar gado ya ci bashi, yanzu ba ya iya haɗa ido da 'yarsa saboda yana ganin ya kasa kare ta. Uwa ce da ke tsoron in zancen ya yaɗu manema za su janye, sai ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Babban wa ne da ya kai kuɗin da hannunsa, shi ma yana mafarkin hanyar bai gaya wa kowa ba. Shirunsu yana cutar da ke, wannan gaskiya ne, amma sau da yawa kowa a gidan yana rufe bakinsa ne yana zaton yana kare ɗan'uwansa. Ban san gidanku ba, ke kika san shi. Ina dai so ki riƙe wannan a ranki, musamman da yake sarƙaƙiyar littafin a kan infoma ne na cikin gida. Ana samun hakan a zahiri, amma marubuciya ta zaɓe shi ne don ya ɗaure kan mai karatu. Zuciyar da ke ɗarare tana saurin zargi, kada ƙirƙirarren labari ya sa ki fara auna kawunanki da 'yan'uwanki da abin da ba ki da hujja a kansa.

Ki kuma lura da yadda za a kawo yafiya. An saba a tara dangi a falo a babin ƙarshe, a ce wa wadda aka zalunta ta yi haƙuri, ta fashe da kuka ta yafe, a tashi. Ni kullum ina komawa ga ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wanda 'yan'uwansa na jini suka jefa a rijiya. Ya yafe musu, amma bayan shekaru, lokacin da ba su da sauran iko a kansa, kuma bayan sun furta da bakinsu cewa sun yi kuskure. Mahaifinsu Annabi Yaƙubu, wanda ya ce haƙuri mai kyau zai yi, shi ne dai ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Duk mai ce miki kuka ko ganin likita ya saɓa wa yarda da ƙaddara, ki tuna masa wannan.

Yadda zan so ki yi

Ki bar kuɗin da kika biya, ki kashe ƙarar guruf ɗin, kada ki bi fejin yau da gobe. Ki jira a kammala littafin, ko aƙalla a wuce wurin dajin. Ki samu mutum ɗaya da kika yarda da ita, yaya ko ƙawa, ta riga ki karantawa ta gaya miki dalla-dalla me ke ciki da kuma yadda ya ƙare. Gargaɗin da ba shi da bayani fargaba yake ƙarawa, amma sanin cewa abu kaza yana feji kaza, kuma yarinyar ta fita, yana maido miki da linzamin. Ki karanta da rana, da ido, akwai mutum a kusa. Idan kika ji zuciyarki na bugu, ki ajiye wayar, ki taka ƙasa da tafin ƙafarki, ki ambaci abubuwa biyar da kike gani a ɗakin, ki ja numfashi ki sake shi a hankali. Kuka ba matsala ba ne. Abin dubawa shi ne ko kin dawo daidai cikin awa ɗaya ko biyu. Idan abin ya bi ki kwana biyu ko uku, ki dakata, littafin ba zai gudu ba.

Kafin nan akwai abin da za ki iya yi da ɗokin. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi ƙona musu rai na minti 15 a rana har kwana huɗu. Da farko ransu ya ƙara ɓaci, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibiti ya ragu. Amfaninsa ba shi da girman na ganin ƙwararre, amma na ga ya sassauta wa wasu. Ki samu littafin rubutu da ba mai gani, ki fara da ranar da kika dawo gida, ba da dajin ba. Idan ya yi nauyi ki rufe.

Iyakata ita ce ban gan ki ba, kuma ba a gane ciwo ta wasiƙa. Amma shekara uku, ga barci da talla kaɗai ya iya rushewa, ya isa dalilin a duba ki. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen a Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma aikinsu. Ki ce musu kina son wanda ke zaman magana da waɗanda suka gamu da razana, domin ƙwayar barci kaɗai ba ta taɓa tushen abin. Addu'a da azkar ki riƙe su, ba sa karo da magani. Idan akwai abin da aka yi miki a can wanda ba ki iya furta wa kowa ba, cibiyar Waraka a Kano, da cibiyoyin Salama a Kaduna, da ta Nana Khadija a Sakkwato, don haka aka buɗe su, kuma suna riƙe sirri. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, wannan ba na jira ba ne, ki gaya wa wani yau, ki je asibiti mafi kusa.

Wadda za ki ba ta littafin ta riga ki karantawa, in da hali ki zaɓo ta daga cikin gidanku. Ba sai kin yi mata dogon bayani ba. Ki ce mata, "Ki karanta mini wannan, ki gaya mini ko zan iya." Za ta gane dalilin tun daga fejin farko, kuma watakila ita ma shekara ukun nan tana neman ta inda za ta fara yi miki maganar.